AWON JINI A ƘOFAR MAIGATARI BA ZAI TARE ƘANJAMAU BA

Ranar wata Alhamis na shiga mota daga Gumel zuwa Maigatari don cin kasuwa, muna zaune a matse kamar yadda aka saba, sai hira ta kai mu kan cututtukan zamani. Wani dattijo da ke gidan gaba, wanda daga jin maganarsa ka san tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya ce shi a ganinsa sakaci ne ya sa har yanzu ba a ajiye malaman asibiti a ƙofar iyaka ba, su riƙa ɗibar jinin duk wanda ya fito daga Jumhuriyar Nijar, wanda aka samu da ƙwayar cutar ƙanjamau a juya shi inda ya fito. Ya ƙara da cewa ai manyan ƙasashen duniya haka suke yi. Kusan duk 'yan motar suka gyaɗa kai. Ni dai na yi shiru, domin ba tarbiyya ba ce yaro ya yi ta jayayya da sa'an mahaifinsa a gaban jama'a. Amma maganar ta zauna mini a rai, musamman da yake na sha jin irinta daga bakin masu ilmi, a ofisoshi da makarantu. Saboda haka, Baba, in wannan jarida ta iso hannunka, ka gafarce ni, ga amsar da na haɗiye a cikin mota.

Da farko dai ya kamata mu san wane ne zai tsare wa ƙofa. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar gida gida cikin shekarar 2018, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa cikin watan Maris na 2019, ya nuna cewa a duk faɗin Nijeriya mutum 14 cikin kowane dubu na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da wannan ƙwayar cuta, jimlar duk masu ɗauke da ita a ƙasar, yara da manya, kuwa wajen miliyan 1.9. A Jihar Jigawa abin bai wuce mutum 3 cikin dubu ba, watau muna cikin jihohin da suka fi kowa sauƙi, alhali kuwa a Akwa Ibom ya haura 50 cikin dubu. To, ƙasar Nijar fa? Can adadin bai kai mutum 5 cikin dubu ba, yana ƙasa ainun da na Nijeriya baki ɗaya. Ke nan in tsoro ne zai sa a kafa shinge, mutanen Dungas da Magarya da Damagaram sun fi mu hujjar kafa shi, kuma direban da ya zo daga Kudu ɗaukar shanu, wanda ba shi da wata iyakar da zai tsallaka kafin ya iso kara, shi ba a ma yi zancensa ba. Ban faɗi wannan don a juya kan direbobi ba. Na faɗa ne don a gane cewa cutar ba baƙuwa ba ce da ke jiran a buga mata hatimi a fasfo. Tun shekarar 1986 aka ba da sanarwar samunta a ƙasar nan, tana cikin gida tare da mu.

Mutumin masarautar Gumel ya fi kowa sanin mece ce iyaka. Layin da ya raba mu da Nijar Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi a farkon ƙarni na 20, ba tare da sun tambayi kowa ba, har ya zamana Tumbi, inda sarakunan Gumel suka zauna kafin su dawo wannan gari a tsakiyar ƙarni na 19, ta faɗa can ɓangaren Faransa. Akwai mai gona a can yana kwana a nan, akwai wadda aka ɗaura wa aure a nan aka kai ta can. Tsawon iyakar nan tsakanin ƙasashen biyu ya kusa kilomita 1,500, yawancinsa fili ne fetal, babu kogi babu dutse, sai gero da kalgo da turbar jakuna. Ƙofar da ma'aikatan kwastan da na shige da fice ke zaune hanya ɗaya ce tak cikin hanyoyi masu yawa da kowane yaro mai babur a Maigatari ko Sule Tankarkar zai iya lissafa maka.

Mun kuma ga abin da rufe ƙofa ke haifarwa, ba sau ɗaya ba. An rufe iyakokin ƙasa cikin watan Afrilu na 1984, ba a buɗe ba sai Maris na 1986, kuma har yau tsofaffi a Nijar suna kiran yunwar wannan lokaci da sunan El-Buhari. An sake rufewa cikin Agusta na 2019, sai ran 16 ga Disamba, 2020, aka buɗe ƙofofi huɗu, Maigatari na ciki, tare da Illela da Seme da Mfum. Bayan juyin mulkin Yamai na watan Yuli, 2023, an sake garƙamewa har zuwa Maris na 2024. A duk waɗannan lokuta uku, shin zirga-zirga ta tsaya? Ba ta tsaya ba. Kuɗin hanya ne ya ƙaru, talaka ya sha wuya, masu bin daji suka yi kasuwa. To, in buhun shinkafa, da nauyinsa da girmansa, ya iya ratsa daji da dare, ta yaya za a tare abin da ke cikin jinin mutum, wanda shi kansa mai ɗauke da shi sau da yawa bai san yana da shi ba?

Akwai kuma wata matsala ta ilmin likita da masu wannan shawara ba su lura da ita ba. Awon da ake yi na gaggawa, wanda ake huda yatsa, galibi ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamun yaƙin da jiki ya fara yi da ita yake gani, su kuwa waɗannan alamu ba sa bayyana sai bayan makonni, wani lokaci har wata uku. Abin mamaki, a cikin waɗannan makonnin farko ne ƙwayar ta fi yawa a jini, mai ita ya fi saurin harbin wani. Watau wanda ya fi hatsari shi ne zai wuce ƙofa da takardar shaidar lafiya a hannu. Wanda za a kama kuwa shi ne wanda ya daɗe da sanin halinsa, ya karɓi ƙaddara, yana shan maganinsa kullum. Shi kuwa wannan, bincike ya tabbatar, ba shi da wani hatsari ga kowa. Cikin 2011 wani babban nazari da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa fara shan magani da wuri na rage harbin abokin zama da kashi 96 cikin ɗari, daga baya kuma nazarin da aka yi a Turai, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2016 da 2019, bai sami ko mutum ɗaya da ya harbi abokin kwanansa ba matuƙar magani ya danne ƙwayar har awo ba ya ganinta. Dokar da za ta saki na farko ta kama na biyu, ina amfaninta?

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce kowane binciken lafiya a iyaka aikin banza ne ba. Lokacin da Patrick Sawyer ya sauka a Ikko ran 20 ga Yuli, 2014, da cutar Ebola a jikinsa, an yi daidai da aka shiga auna zafin jikin matafiya ana bin sawun waɗanda suka taɓa shi, kuma cikin wata uku, ran 20 ga Oktoba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta kuɓuta. Katin allurar shawara da ake nema a filayen jiragen sama yana da dalili, domin sauro na iya ɗaukarta daga baƙo ya kai wa ɗan gari. Allurar sanƙarau da ake yi wa alhazai kafin su tashi ita ma haka, domin cuta ce da ke bin numfashi a cikin cunkoso. Amma ƙanjamau ba ta bin iska, ba ta bin musafaha, ba ta bin buta ko kwanon tuwo, sauro ba ya ɗaukarta. Hanyoyinta sanannu ne: saduwa, da jini, da allura ko askar da ba a tsabtace ba, da kuma daga uwa zuwa jariri in ba a ɗauki mataki ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ke faruwa don an zauna kusa da mutum a mota ko an yi cinikin rago da shi. Tun cikin watan Maris na 1987 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a Janiba, suka yanke cewa awon matafiya ba zai hana yaɗuwar cutar ba, ɓarnar kuɗi ce kawai da ya kamata a kashe wajen wayar da kan jama'a da tace jinin da ake ƙara wa marasa lafiya.

Yanzu bari mu zo kan manyan ƙasashen da Baba ya kafa hujja da su. Gaskiya ne Amurka ta yi wannan doka, a cikin shekarar da masana suka ba da waccan shawara, watau 1987, bisa matsin wani ɗan majalisar dattawa mai suna Jesse Helms, kuma Majalisa ta ƙara ƙarfafa ta a 1993. Abin dariya, in ba don abin takaici ba ne, a lokacin babu ƙasar da ta kai Amurka yawan masu cutar da aka lissafa a duniya. Mai gida ne ya cika da hayaƙi, yana tsaye a ƙofa yana shinshinar rigar baƙi. Cikin watan Afrilu na 1989 aka tsare wani mutumin Holan, Hans Paul Verhoef, a Jihar Minesota, aka kai shi kurkuku na 'yan kwanaki, don kawai an ga maganin cutar a jakarsa, alhali kuwa taro a kan cutar ne zai halarta a San Faransisko. A farkon shekarun 1990 an killace 'yan gudun hijirar ƙasar Hayiti fiye da 200 a sansanin Gwantanamo saboda wannan dalili, sai da wani alƙali, Sterling Johnson, ya ba da umurnin a rufe wurin cikin Yuni na 1993. Babban taron duniya kan cutar da aka shirya yi a Bostan a 1992 tilas aka mayar da shi Amstadam, kuma taron bai sake komawa Amurka ba sai 2012.

Me dokar ta koya wa matafiya? Ta koya musu ɓoye magani. Wani ya zuba ƙwayoyinsa a kwalbar wani magani dabam, wani ya bar su a gida gaba ɗaya ya yi makonni ba ya sha, ga shi kuwa likitoci sun yi gargaɗi cewa tsallake shan maganin nan na ba ƙwayar damar farfaɗowa, har ta iya daina jin magani. Bayan shekara 22 Amurka ta gane abin da aka gaya mata tun farko. Shugaba George Bush ya sa hannu a dokar da ta share hanya a 2008, Shugaba Barack Obama ya kammala, aka ɗage haramcin ran 4 ga Janairu, 2010. Ƙasar Sin ta bi sahu cikin Afrilu na wannan shekara, Namibiya kuma cikin Yuli. Cikin Maris na 2011 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke hukunci a ƙarar wani mutumin Uzbekistan mai suna Kiyutin, wanda ya auri 'yar Rasha suka haifi 'ya, amma aka hana shi takardar zama don an same shi da ƙwayar cutar. Kotun ta ce wannan wariya ce tsantsa. Saboda haka rigar da ake so mu ɗinka a Maigatari, masu ita sun daɗe da tuɓe ta.

Sai dai ba duka suka tuɓe ba, kuma a nan ne maganar ta shafi masu karatunmu kai tsaye. Rahoton da hukumar UNAIDS ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2019 ya lissafa ƙasashe da yankuna 48 da ke da wani nau'i na irin wannan takunkumi. Nijeriya da Nijar ba sa ciki, abin da ya kamata mu gode wa Allah a kai. Amma cikinsu akwai Sa'udiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Katar da Kuwaiti da Masar da Rasha, watau daidai wuraren da samarinmu ke tururuwar zuwa neman aiki ko karatu. Galibi ba a neman awon daga mai ziyarar 'yan kwanaki ko mai aikin hajji, ana nemansa ne daga mai son takardar zama, ko ta aiki, ko ta dogon karatu, kuma a wasu ƙasashen wanda aka samu da ƙwayar sai a mayar da shi gida.

A ɗauki misalin saurayi daga Gagarawa wanda aka sayar da gonar gado aka biya wa dillali kuɗin biza da na jirgi. Ya sauka lafiya, an kai shi awon neman takardar zama, bayan kwana kaɗan sai ya ga an raba shi da abokan tafiya. Babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani cikin harshen da yake ji, babu wanda ya gaya masa cewa akwai magani, kuma mai shansa na iya rayuwa har tsufa, ya yi aure ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Ya dawo gida ba gona ba kuɗi, ga tambayar dangi, ga kunya. Wannan yaro, don Allah, zai je asibitin Gumel ya yi layin karɓar magani inda maƙwabta za su gan shi? Zai yi shiru ne, ya ce aikin ne bai yi daɗi ba. Nan da shekara biyu a yi masa aure. Ƙasar da ta kore shi ba ta tsira da kome ba, mu kuwa an jefo mana wuta a rufe cikin toka.

Saboda haka ina ba ɗalibai da ma'aikata masu shirin fita shawara: a karanta sharuɗɗan ƙasar da za a je tun kafin a biya ko kwabo, a kuma je a yi awon nan a gida, inda kyauta ake yi a asibitocin gwamnati da dama, inda kuma akwai mai ba da shawara da magani in an samu. Jin labari a gida, a cikin sirri, ya fi jinsa a ɗakin tsare baƙi. Hukumomin ba da tallafin karatu su ma wajibi ne su riƙa bayyana wa ɗalibi wannan sharaɗi tun ranar cike takarda, su kuma nema wa wanda abin ya shafa gurbi a ƙasar da ba ta da takunkumi, domin ƙwayar cuta ba ta rage wa kowa basira ba. Ma'aikatar Harkokin Waje kuwa ta san yadda ake ɗaga murya in ta so. Cikin Maris na 2012, da Afirka ta Kudu ta koro 'yan Nijeriya 125 kan zargin katin allurar shawara na jabu, ba a yi mako biyu ba sai da Firitoriya ta nemi gafara. Waɗanda ake korowa ɗaya bayan ɗaya, a ɓoye, saboda awon jini, su ma 'yan ƙasa ne, ko da ba za su iya fitowa su yi kuka a gidan rediyo ba.

Na san za a ce da ni, to ai a Kano an kafa dokar awo kafin aure cikin Mayu na 2024, kuma jama'a sun yi na'am da ita, me ya bambanta? Bambancin a fili yake. Wadda za ta haɗa shimfiɗa da mutum, ta haifa masa 'ya'ya, tana da haƙƙin sanin halinsa, shi ma haka. Ma'aikacin da ke duba fasfo kuwa babu abin da zai haɗa shi da matafiyi sai biro da hatimi. Dokar Tarayya ta 2014 ta hana nuna wariya ga masu ɗauke da cutar, ta kuma hana a mai da awon sharaɗin ɗaukar aiki ko samun wata hidima ta jama'a. Ya kamata manyan ma'aikatan da ke zama a kwamitocin ɗaukar aiki su sake duba wannan doka, domin ba kowa ke tuna tana nan ba.

Hujjar da ta fi nauyi a wajena ita ce ta kuɗi. Ana cewa in aka bar ƙofa a buɗe baƙi za su cinye maganin da bai ishe mu ba. Ba zan raina wannan magana ba, musamman tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje cikin Janairu na 2025, abin da ya girgiza shirin nan na PEPFAR da ya daɗe yana ɗauke da kaso mai tsoka na maganin da ake rabawa a ƙasar nan, har Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta ware naira biliyan 4.8 cikin Fabrairu don cike giɓi. Amma a yi lissafi. Farashin maganin mutum ɗaya na shekara guda, wanda a da sai attajirai, ya sauko zuwa dala 75 a 2017, ya kuma gangaro ƙasa da dala 45 a 2023 ga ƙasashe irin namu. A kwatanta wannan da kuɗin ajiye ma'aikata da kayan awo don huda yatsun dubban mutanen da ke cin kasuwar Maigatari kowace Alhamis, waɗanda kusan dukansu lafiyarsu ƙalau. Bugu da ƙari, Buzun da ya zo sayar da raƙumi ya karɓi magani a nan, wa aka kare in ba matar da zai aura ko ya riga ya aura a wannan ɓangare ba?

Abin da ake bukata a iyaka shi ne akasin abin da aka nema a cikin mota. Fatake da makiyaya da 'yan ci-rani da direbobi mutane ne da tafiya ke raba su da asibitin da suka yi rajista, maganinsu ya ƙare a hanya. A ba su na wata uku ko shida a lokaci guda, kamar yadda tsarin yanzu ya yarda. A yi yarjejeniya tsakanin hukumomin lafiya na Jigawa da na Damagaram yadda katin da aka rubuta a Gumel zai yi aiki a Magarya, na Magarya ya yi aiki a Gumel. An yi makamancin wannan haɗin gwiwa a hanyar Ikko zuwa Abijan tun farkon shekarun 2000, tsakanin ƙasashe biyar. Gaskiya ne Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS cikin Janairu na 2025, amma Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, ta girmi ECOWAS da shekara huɗu, kuma irin wannan aiki aka kafa ta dominsa. A cikin kasuwar kuma a kafa rumfa guda, nesa da idon jama'a, inda wanda ya so zai shiga da ƙafarsa a auna shi, a yi masa bayani da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, ba tare da an tambaye shi daga wane ɓangaren layi ya kwana ba. Shugabannin ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, in suka haɗa hannu da masarauta da sarakunan kara da shugabannin direbobi, kuɗin rumfar da ma'aikata biyu bai fi ƙarfinsu ba.